Jarabawar mako guda ko aikin shekara? Darasi daga filin golf na Amurka

Tun ranar da aka liƙa sunayen waɗanda za su zauna jarabawar ƙarin girma a wurin aikinmu, gardama ta ƙi ƙarewa. Wasu na cewa zalunci ne a auna aikin shekara uku da takardar awa biyu. Wasu na cewa gara jarabawar, don ita ba ta san ɗan wa kake ba. Ni kuwa sai abin ya tuna min da golf. Na san wani zai ce, Malam, ina ruwan talaka da wasan masu kuɗi? Ku dai yi haƙuri ku karanta, Amurkawa sun yi shekara sittin suna wannan gardamar tamu a filin golf.

Babbar gasar can ita ce PGA Tour, kuma ba a shigarta sai da abin da suke kira kati, wato izinin buga wasa na kaka guda. A 1965 aka ƙirƙiro jarabawar neman katin, ana ce mata Q-School. A shekarunta na baya-baya, matakin ƙarshe kwana shida ake yi ana bugawa, rami 108, sannan a ɗebi waɗanda suka fi ƙarancin bugu a ba su kati. Saura kuwa sai baɗi.

Akwai wani bawan Allah, Joe Daley. A jarabawar 2000 ya buga ƙwallo daga tazarar da ba ta kai taku biyu ba, ta faɗa ramin, ta daki bakin kofin da ke ciki, ta yi tsalle ta fito. Da aka kammala lissafi, bugu ɗaya tak ne ya hana shi kati. Allah Sarki. Duk mai cewa jarabawa ba adalci ba ce, to ga hujjarsa nan.

Shi ya sa a 1990 shugaban gasar na lokacin, Deane Beman, ya buɗe ƙaramin aji, inda za a yi ta gwada mutum kaka guda cur. Sunansa na farko Ben Hogan Tour, daga nan ya yi ta sauya suna da sauyin kamfanin da ke ɗaukar nauyi: Nike, Buy.com, Nationwide, Web.com, har zuwa 2019 da ya zama Korn Ferry Tour. Da farko mutum biyar kacal da suka fi tara kuɗin kyauta ake haurar da su. Aka mai da su 10, sai 15, sai 20, a 2007 suka kai 25.

Ajin kuma ya nuna amfaninsa da wuri. Tom Lehman ya taɓa riƙe kati ya rasa, ya yi ta yawon neman abinci a gasannin Asiya da Afirka ta Kudu. A 1991 ya ci gasa uku a ƙaramin ajin ya haura, a 1996 ya ɗauki kofin Open na Birtaniya. Scottie Scheffler ma, wanda ya zama na ɗaya a duniya a 2022, ta nan ya bi a 2019. Tun 1997 kuma akwai wata doka da ke burge ni: duk wanda ya ci gasa uku a kaka ɗaya, nan take ake haurar da shi, ba sai ƙarshen shekara ba. Matt McCarty ya yi haka a 2024, kafin shekarar ta fita ya ci kofi a babban ajin.

Da hukuma ta ga haka, a 2013 sai ta rufe ƙofar jarabawa gaba ɗaya. Ko ka zo na ɗaya a Q-School, iyakarka shiga ƙaramin aji. A nan ne ni na rabu da su. Shekara guda a wannan ajin ba wasa ba ce fa. Kai za ka biya kuɗin jirgi da masauki da mai ɗaukar maka jaka, kuma in aka tankaɗe ka bayan kwana biyu na farko, ko kwabo ba ka da shi a makon. Wanda ya ci gasa a can yakan samu dala 180,000, alhali a manyan gasannin sama na ɗaya na tafiya da sama da dala miliyan uku da rabi. Ka ga wanda ke da mai tsaya masa zai iya jure shekarar. Wanda ba shi da kowa sai hannunsa, mako guda ɗin nan shi ne damarsa. A jarabawar ƙarshe kafin rufewa, ta 2012, wani yaro ɗan Koriya ta Kudu, Kim Si-woo, ya ci kati yana ɗan shekara 17. A 2017 shi ya lashe gasar Players.

Sai ga LIV Golf a 2022, da kuɗin Saudiyya, tana kwashe manyan 'yan wasa. Nan da nan aka sassauta. A 2023 aka ba ƙaramin aji kati 30, aka sake buɗe jarabawa ga mutum biyar na farko da duk wanda ya yi kunnen doki da na biyar, aka kuma ware kati 10 ga 'yan gasar Turai. Wato an yarda a tafi da hanyoyin biyu tare, kuma a ganina nan ne suka fi kusa da daidai.

Amma daɗin bai daɗe ba. A Nuwamban 2024 kwamitin gudanarwa ya yanke cewa masu neman shiga kakar 2026 kati 20 za su raba, ba 30 ba. Jarabawa mutum biyar cif, in an yi kunnen doki a sake karawa. Masu riƙe cikakken kati a sama ma an rage su daga 125, adadin da ake kai tun 1983, zuwa 100. Dalilin da aka bayar shi ne 'yan wasa sun yi yawa a fili, duhu na shiga ba a gama ba. To, ƙila gaskiya ne. Sai dai 'yan wasan da ke zaune a kwamitin nan, irin su Tiger Woods, duk 'yan sama ne, ba su ne ke kwana a ƙaramin otal suna lissafin kuɗin mai ba.

Yanzu wanda ya ƙare na 21 a Korn Ferry, da a 2024 ne, da tuni yana da kati a aljihu. Bugunsa bai ragu ba, kujerun ne aka rage. Wallahi da na karanta wannan sai na tuna wani abokin aikina da ya ci jarabawar ƙarin girma sau biyu, duk sau biyun takardar da ta zo masa layi ɗaya ce: an ci, amma babu gurbi. Bana ma sunansa na cikin waɗanda aka liƙa.