Hamadar da Aka Kira Wurin Tsira: Tarihin Sakaya Zance a Bakin Larabawa

A tsohon Larabci, hamadar da ke halaka matafiya tana da suna mai ban mamaki: mafaza, wato wurin tsira. Wanda maciji ya sara ana kiransa salim, mai cikakkiyar lafiya. Makaho kuwa basir ne, mai gani. Hatta ayarin da bai bar gari ba ana ce masa ƙafila, alhali tushen kalmar yana nufin komowa gida daga tafiya.

Masana harshe na Basra da Bagadaza sun lura da wannan ɗabi'a tun ƙarni na 9, lokacin da suke tattara kalmomi daga bakin mutanen ƙauye. Irinsu Al-Asma'i, da Ibnul Anbari wanda ya rasu a 940, sun rubuta littattafai kan kalmomi masu ma'anoni biyu kishiyoyin juna. Bayanin da aka fi bayarwa kan salim da mafaza shi ne tafa'uli, wato fatan alheri. Mutumin da ke rayuwa tsakanin ƙishirwa da dafin maciji yana ganin ambaton masifa tamkar gayyatarta ne, don haka sai ya kira ta da sunan abin da yake fata.

Bayan tsoron masifa akwai tsoron mai mulki. Ruwayoyin Larabawa sun ce Jazima, wani sarki a yankin Iraƙi kafin Musulunci, yana da albaras. Ba wanda ya iya kiransa al-Abras, sai aka sauya harafi guda aka ce al-Abrash, mai dabbare-dabbare, ko al-Waddah, mai haske.

A zamanin Abbasiyawa sakaya zance ta zama ilimin da ake koya. Abu Mansur as-Sa'alibi na Naisabur, wanda ya rasu wajen 1038, ya keɓe mata littafi, Al-Kinaya wat-Ta'arid, inda ya tattaro yadda ake ambaton sha'anin mata, lahanin jiki, ciwo, tsufa da mutuwa ba tare da an kama suna ba. Ga magatakardan fada, iya wannan salo yana cikin kayan aiki.

Sai dai kinaya tana tsufa. Kalmar ga'iɗ asalinta kwari take nufi, inda mutum ke sauka don ya ɓuya daga idon jama'a. Da aka daɗe ana amfani da ita, sai ta koma sunan ƙazantar kanta. Haka aka yi ta neman sabon mayafi: kanif, wuri mai shinge, mirhad, wurin wanki, baitur raha, ɗakin hutu, yau kuma hammam, wurin wanka, ko dauratul miyah, kewayen ruwa. Mai jin Hausa zai tuna da bayan gida da makewayi.

Al'adar tana nan a hirar yau da kullum. Bamasare mai isar da labarin rasuwa yakan ce ta'ish inta, kai ka rayu. A ƙasashen Sham cewa ake yi mamacin ya ba ka shekarunsa. Idan za a ambaci cuta sai a saka ba'id annak, nesa da kai. A Maroko wuta ita ce afiya, kalmar da Hausa ta ara ta zama lafiya, domin nar tana tuna wa mutum Jahannama. Ciwon daji kuwa, ga iyalai da yawa a Labanan da Siriya da Jordan, "waccan cutar" ce kawai.

A nan ne ladabi ke iya zama cutarwa, domin ciwon da ba a kama sunansa da wuya a yi saurin kai shi gaban likita. Masu mulki ma sun san amfanin wannan mayafi. A Yunin 1967, cikin kwana shida, Masar ta rasa Sina'i da Gaza, Jordan ta rasa Yammacin Kogin Jordan da Gabashin Ƙudus, Siriya ta rasa tuddan Golan. A jawabinsa na 9 ga watan, wanda Muhammad Hasanain Haikal, editan Al-Ahram, ya tsara, Shugaba Gamal Abdul Nasir ya kira abin naksa. Kalma ce ta majinyata: komowar ciwo bayan an fara samun sauƙi. 'Yan Labanan su ma sun daɗe suna kiran yaƙin basasarsu na 1975 zuwa 1990 al-ahdas, abubuwan da suka faru.

Amma abin da ya sami ga'iɗ bai ƙyale naksa ba. An zaɓe ta don ta rage raɗaɗin shan kashi, yau kuwa da wuya Balarabe ya ji ta bai tuna da ɗaya daga cikin mafi munin makonni a tarihinsa na zamani ba.