Sassauci da Taƙaita Manufa a Tsarin Wasan Dungeons & Dragons

Dungeons & Dragons wasa ne na kan tebur wanda mutane kaɗan ke zama su gina labari da baki. Kowane ɗan wasa yana riƙe da jarumi ɗaya, jagoran wasa kuma yana bayyana musu duniyar da suke ciki, da dodanninta da mutanenta. Idan aka zo abin da ake shakkar nasararsa, sai a jefa dayis, irin ɗan lido amma mai fuskoki da yawa, wanda ya fi shahara shi ne mai fuska 20. Tun fitowar wasan a Amurka a 1974 masu tsara shi ke fama da tambaya guda: a yi dokokin da za su ɗauki kowane irin labari, ko a yi waɗanda suka ƙware a abu ɗaya? Sassaucin kansa iri biyu ne, kuma sau da yawa ba sa tafiya tare. Akwai 'yancin jagora ya yanke hukunci inda doka ta yi shiru, akwai kuma yawan zaɓin da ɗan wasa ke da shi wajen gina jaruminsa.

Bugun farko, na Gary Gygax da Dave Arneson, kamfanin TSR ne ya fitar da shi a ƙananan littattafai 3. Tushensa wasan yaƙi ne na ƙananan mutum-mutumi, musamman Chainmail na 1971. Sana'o'in jarumai 3 ne kacal: mayaƙi, mai sihiri da malamin addini; ɓarawo bai shigo ba sai a ƙarin littafin Greyhawk na 1975. Manufar wasan a matse take. A shiga kogon ƙarƙashin ƙasa, a kwaso dukiya, a fito da rai. Kowane sulen zinariya da aka fito da shi maki ɗaya ne na ƙwarewa, kuma dukiya kan ba da maki fiye da kashe dodo. Saboda haka ɗan wasa mai wayo yakan gwammace yaudara, sulhu ko gudu a kan faɗa. Amma dokokin ba su da yawa, kuma suna da giɓi ko'ina. Babu doka a kan yawancin abin da jarumi zai iya gwadawa, don haka jagora ne ke yanke hukunci, har ta kai kowane rukunin 'yan wasa na da irin nasa D&D. Wannan bugun ya haɗa matsatstsiyar manufa da sakakkiyar doka, abin da kan ɓace wa masu cewa tsohon wasan ya fi na yanzu sassauci ba tare da sun faɗi ta wace fuska ba.

Gygax bai ji daɗin wannan rarrabuwa ba, musamman da yake ana gasa a tarukan 'yan wasa. Tsakanin 1977 da 1979 ya fitar da Advanced Dungeons & Dragons a manyan littattafai 3 cike da jadawali, domin a samu doka ɗaya a ko'ina. A gefe guda kuma TSR ta ci gaba da sayar da sauƙaƙaƙƙen bugu na masu koyo, wanda J. Eric Holmes ya shirya a 1977, Tom Moldvay ya sake a 1981, Frank Mentzer kuma a 1983.

Bugu na biyu na Advanced Dungeons & Dragons, wanda David Cook ya jagoranta a 1989, ya buɗe ƙofa ga labarai iri-iri. Makin zinariya ya koma zaɓi, aka kuma fitar da duniyoyi masu bambancin ɗanɗano: Ravenloft ta ban tsoro a 1990, Dark Sun ta hamada a 1991, Planescape a 1994. Matsalar ita ce injin da ke ƙarƙashi har yanzu na shiga kogo ne, ana kuma neman ya ɗauki siyasar fada da labarin firgici. Yawan duniyoyin ya kuma raba masu saye gida-gida, abin da ake lissafawa cikin dalilan durƙushewar TSR kafin Wizards of the Coast ta saye ta a 1997.

A bugu na uku, na shekarar 2000, aikin Jonathan Tweet, Monte Cook da Skip Williams, sassauci ya koma hannun ɗan wasa. An mayar da kusan komai kan hanya ɗaya: jefa dayis mai fuska 20, ƙara lambar gwaninta, kwatanta da lambar wahala. An cire iyakar matakin ƙwarewa da aka ɗora wa jaruman jinsunan da ba mutane ba, an ba da damar haɗa sana'o'i a kowane mataki, an kawo jerin gwanintu da baiwoyi na musamman. Lasisin OGL kuma ya bai wa wasu kamfanoni damar buga littattafai da wannan tsarin. Farashin wannan yalwa bai ɓoyu ba. Da zaɓuɓɓuka suka yi ɗaruruwa, wanda ya iya lissafi yakan gina jarumin da ya ninka na abokinsa ƙarfi, kuma a manyan matakai masu sihiri sukan bar mayaƙa a baya nesa. Jagora ma hannunsa ya ɗaure, tunda yanzu akwai rubutacciyar doka a kan tsalle, iyo da kokawa, ɗan wasa kuma na iya buɗe masa shafi. Gyaran 3.5 na 2003 ya rage wasu matsalolin, bai taɓa tushensu ba.

Bugu na huɗu na 2008, wanda Rob Heinsoo ya jagoranci tsarawa, shi ne mafi taƙaita manufa a tarihin wasan. An raba jarumai zuwa ayyuka 4 a fagen fama: mai tsaro, mai kai hari, mai jagoranci da mai sarrafa fili. Kowace sana'a na da dabarun da ake amfani da su a kowane lokaci, ko sau ɗaya a arangama, ko sau ɗaya a yini, ana kuma auna tafiya da murabba'ai a kan taswira. Ta fuskar daidaito ya cika alƙawarinsa, kuma jagora ya samu sauƙin shirya faɗa fiye da kowane lokaci. Sai dai da yawa sun ga sana'o'in sun yi kama da juna, kuma faɗa ɗaya na cinye rabin zama. Waɗanda ba su gamsu ba suka bi Pathfinder, wanda Paizo ta fitar a 2009 a kan dokokin 3.5. Wasu kuma suka koma baya gaba ɗaya, zuwa wasanni irin OSRIC na 2006 da Labyrinth Lord na 2007, masu farfaɗo da tsoffin dokoki ta hanyar lasisin OGL.

Bugu na biyar na 2014, ƙarƙashin Mike Mearls da Jeremy Crawford, ya biyo bayan gwajin da aka buɗe wa jama'a tun 2012. Ya tsaya a tsakiya da gangan. Lambar ƙwarewa tana tashi ne daga 2 zuwa 6 kawai a tsawon matakai 20, domin ƙananan dodanni su ci gaba da zama barazana. Maimakon tarin ƙananan lambobi, wanda yanayi ya taimaka yakan jefa dayis biyu ya ɗauki babba, wanda yanayi ya saɓa wa ya ɗauki ƙarami. Haɗa sana'o'i da baiwoyi na musamman sun zama zaɓin da jagora ke iya amincewa ko ya hana. Littafin dokokin wannan bugun ya ce wasan na tsaye kan ginshiƙai 3, bincike, mu'amala da faɗa, amma mai duba shafukan zai ga faɗa da sihiri ne suka kwashe kaso mafi tsoka, mu'amala kuwa an bar wa jagora yawancinta. Sabuntawar 2024 ta riƙe wannan ginin, sai dai ta mayar da baiwoyin cikin ainihin doka.

A wajen D&D an gwada ɓangarorin biyu har ƙarshensu. GURPS na Steve Jackson, daga 1986, an yi shi ne don ya ɗauki kowane zamani da kowane labari. Blades in the Dark na John Harper, na 2017, ya tsaya kan gungun masu laifi a birni ɗaya, har yana da dokar da ke barin ɗan wasa ya koma baya cikin labari ya ce ai tun jiya ya bai wa mai gadi toshiyar baki.