Tarihin Romaniya a wuyan yara

Ni dai a wuyan yara nake karanta tarihin Romaniya. Tun kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya 'yan sikawut suka kafu a ƙasar. A 1937 Sarki Carol na Biyu ya haɗiye su cikin ƙungiyarsa, Straja Țării, yara suna fareti a gabansa. Da ya sauka daga karaga a 1940, ƙungiyar ta bi shi. 'Yan gurguzu suka kawo ƙungiyar yara ta Pionieri a 1949, kowa da jan ƙyalle a wuya. A 1976 shugaban ƙasa Ceaușescu ya sa wa 'yan shekara 4 zuwa 7 riga ruwan lemo, aka kira su Shahunan Ƙasa. Mulkinsa ya faɗi a Disambar 1989, sikawut suka dawo a 1990.