Alƙali Dredd da yaƙin da ya cinye rabin birni

A watan Maris na 1977, wata mujallar yara maza mai suna 2000 AD, wadda ke fitowa kowane mako a Ingila, ta gabatar da wani ɗan sanda a fitowarta ta biyu. Sunansa Judge Dredd, wato Alƙali Dredd. Irin labarin nan ne na zane da muke kira bede. John Wagner ne ya ƙirƙiro shi a rubuce, Carlos Ezquerra, mutumin Sifen, ya ba shi siffa: ƙatuwar hular kwano da ba ya cirewa a ga fuskarsa, gaggafa a kafaɗa, babur kamar ingarman doki. Ezquerra ya girma a ƙarƙashin mulkin kama-karya na Janar Franco, don haka ya san kamannin kayan sarki masu sa gaba ta faɗi.

Labarin ya fara ne a shekarar 2099, a birnin Mega-City One da ya mamaye gabashin Amurka, mai mutum miliyan 800. Injuna sun ƙwace aiki, kusan kowa zaman banza yake. A wannan birni, mutum guda shi ne ɗan sanda, shi ne alƙali, shi ne mai zartar da hukunci. In ya kama ka a titi, nan take zai yanke maka shekarun da za ka yi a gidan kaso, babu lauya, babu ɗaukaka ƙara.

To yaya aka yi jama'a suka yarda da haka? Mujallar ta ba da amsa a 1978. A cikin labarin, wani shugaban Amurka, Robert Booth, ya tayar da yaƙin nukiliya a 2070, tsakiyar ƙasar ta koma hamada mai guba. Mutane suka tsorata, suka tsani ƴan siyasa, alƙalai suka tuɓe Booth suka karɓi mulki, aka yi ta tafi. Tun daga nan mulkin bai koma hannun jama'a ba.

Mu dubi Ingilar da ake zana wannan a cikinta. Margaret Thatcher ta hau mulki a 1979, Ronald Reagan a Amurka a 1981. A Disamban 1979 ƙungiyar tsaro ta NATO, wadda mu nan muka fi sani da OTAN, ta yanke shawarar girke sababbin makamai masu linzami a Turai don fuskantar Tarayyar Sobiyet. A 1980 gwamnatin Ingila ta fitar da wani ɗan littafi, Protect and Survive, tana koya wa iyalai yadda za su jingina ƙofofi a bango su ɓuya in bam ya faɗo. A 1981 mata suka kafa sansanin zanga-zanga a bakin barikin Greenham Common. A shekarar dai, matasan Brixton da Toxteth suka yi arangama da ƴan sanda saboda kame da bincike na zargi kawai. Yaron da ke sayen 2000 AD da kuɗin alewarsa yana kwana da tsoro biyu: bam daga sama, kulki daga ƙasa.

Ana cikin haka Wagner da abokin rubutunsa Alan Grant suka ɗinke tsoron biyu wuri guda. A ƙarshen 1981 suka fara da Block Mania. Mutanen birnin suna zaune a manyan benaye, kowane ɗaya kamar gari. Kwatsam bene ya fara yaƙar bene, maƙwabci na harbin maƙwabci, ba wanda zai iya faɗin dalili. Ashe wani ɗan leƙen asiri, Orlok, ne ya zuba guba a ruwan sha. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Birnin East-Meg One, magajin Mosko a labarin, ya sako makamansa.

Wannan shi ne Apocalypse War, yaƙin tashin duniya, kashi 25 da suka fito a 1982, dukkansu zanen Ezquerra. Birnin Dredd ya mai da martani, amma abokan gaba suna da garkuwa da ke karkatar da makamai zuwa wata duniya dabam, inda mutane ke zaune lafiya. Waɗannan bayin Allah suka hallaka ba su ci ba, ba su sha ba. A Mega-City One mutum miliyan 400 suka mutu, rabin birnin ke nan. Dredd ya koma yaƙin sunƙuru. Ya harbe waɗanda suka haɗa kai da maƙiya ba tare da shari'a ba. Ya harbe waɗanda gubar nukiliya ta kama, wai don ya hutar da su. A ƙarshe ya ɗauki ƴan mutane kaɗan, suka ƙwace rumbun makaman abokan gaba. Aka roƙe shi ya tausaya wa fararen hula, ya ƙi, ya danna maɓalli. East-Meg One da mutanenta miliyan 500 suka zama toka.

Ga inda gizo ke saƙa, ƴan uwa. Marubutan ba su sa kowa ya fito ya yi wa mai karatu wa'azi ba. Mako bayan mako suna nuna maka wahalar birnin, har ranka ya ƙosa a rama. Ranar da Dredd ya danna maɓallin, kai ma kana tare da shi. Sai ka rufe mujallar tukuna lissafin ya zo maka: wanda kake yi wa kirari ya kashe fiye da waɗanda aka kashe masa. Haka nan mutanen 2070 suka tafa wa alƙalai, domin mai jin tsoro ba ya tambayar farashin kariya.

Abin da ya bambanta Dredd da sauran jaruman bede shi ne lokaci yana tafiya a labarinsa. In shekara ta wuce a duniya, ta wuce a Mega-City One, kuma abin da aka shuka yana tsirowa. A 1986 aka shigo da masu neman dimokuraɗiyya, aka nuna yadda alƙalai ke murƙushe su. A 1991 aka yi ƙuri'ar raba gardama a birnin: mafi yawan jama'a ba su ko fito ba, waɗanda suka fito kuma suka zaɓi alƙalai. Sannan a 2011 zuwa 2012, cikin Day of Chaos, waɗanda suka tsira daga East-Meg One suka dawo da ramuwa, suka saki cuta da ta kashe kusan miliyan 350. Shekara talatin tsakani, bashin bai ruɓe ba.

An yi fim ɗin Dredd sau biyu, a 1995 da Sylvester Stallone, a 2012 da Karl Urban, kuma da yawa ta nan suka san shi, a matsayin gwarzo mai maganin ƴan iska. Mujallar ta fi fim ɗin ɗaci. Duk sa'ad da tsaro ya taɓarɓare, za ka ji a fada ko a tasha ana cewa a bar dogon turanci, a kawo mai ƙarfi ya share su. Wagner da Grant sun ɗauki wannan addu'ar, suka amsa ta har ƙarshe, suka ƙirga gawawwakin. A birnin Dredd, ranar da alƙali ya yi kuskure, babu ofishin da za ka kai ƙararsa sai nasa.