Kufai a Bayan Ruwan Wikki: Yini Guda a Dajin Yankari

Duk wanda aka ambata wa Yankari, giwa ce ke fara faɗo masa a rai, sai kuma wanka a ruwan Wikki. Mu ma da wannan tunani muka bar garin Bauci bayan sallar Asuba, mu da ɗalibanmu, muka nufi ƙasar Alkaleri. Cikinsu har da wani saurayi haifaffen unguwar Hausawa ta Mile One a Fatakwal, wanda karatu ne ya fara kawo shi ƙasar kakanninsa. Tambayarsa ce ta haifi wannan maƙala.

Tarihin da hukuma ta rubuta gajere ne. A shekarar 1956 Gwamnatin Jihar Arewa ta keɓe wannan daji domin kare namun dawa, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. A 1991 ya koma hannun Gwamnatin Tarayya, sa'an nan a 2006 aka mayar wa Jihar Bauci da shi. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. Wanda ya tsaya a nan sai ya ɗauka kafin 1956 babu kowa a wurin sai zaki da ɓauna. To amma gani ya kori ji.

Jagoranmu, wani dattijon ma'aikacin daji, ya fara da nuna mana rijiyoyin Dukkey. Rijiya 139 ce aka haƙa kusa da juna, aka haɗa su ta ƙarƙashin ƙasa domin tara ruwan damina a yi amfani da shi da rani. Ana kyautata zaton zango ne na fatake, har da masu fataucin bayi. Saurayin nan na Fatakwal ya leƙa ɗaya ya daɗe, sa'an nan ya ɗago ya ce, "Baba, su wa suka haƙa?" Dattijo ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, mutane ne irinka, masu jin ƙishirwa."

Daga nan muka wuce kogwannin da ake kira da sunan Marshall, Baturen da ya bayyana su ga masana a 1980. Kogo 59 ne aka sassaƙa da hannu a jikin dutse, ƙofofinsu ƙanana, sai mutum ya sunkuya zai shiga. Masana na ganin mafaka ce ta mutanen da suka guje wa yaƙi da harin bayi. Bugu da ƙari, a wurin da ake kira Shau Shau akwai murahun narka tama kimanin 60 da har yau suke tsaye. A cikin irinsu ake jera gawayi da tama, a yi ta hura wuta har ƙarfe ya rabu da dattinsa, a kai maƙera a fitar da fartanya da mashi. Haƙiƙa murhu 60 ba aikin mutum ɗaya ba ne. Sai da masu sarar itace, da masu haƙar tama, da manoma masu ciyar da su, da kasuwar da za ta saye ƙarfen. Wato dajin da muke kallo yau gari ne jiya.

Da La'asar ta yi muka sauka Wikki. Ruwan yana ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse, garau kamar madubi, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina, yana malala zuwa kogin Gaji. Ɗalibai suka faɗa ciki suna shewa. Mu kuwa muka zauna a baki muna tunanin cewa ɗumin da ke ratsa jikinsu shi ne ya ratsa jikin mahaƙin rijiya da maƙeri da mai gudun bauta.

A nan ne abin kunyar yake a gare mu, mu malamai. Kowane ɗalibinmu zai iya faɗa maka cewa Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa birnin Bauci a farkon ƙarni na 19. Amma kogwannin talakawa sunan baƙo suke ɗauke da shi. Mun koyar da tarihin fada, mun bar tarihin maƙera a bakin tsofaffin ƙauyukan da ke kewaye da dajin, su kuwa tsofaffi kullum raguwa suke yi, murahun yumɓu kuma kowace damina tana cin rabonta a jikinsu.

Saboda haka muna kira ga ɗaliban Hausa da su ɗauki alƙalami da na'urar ɗaukar magana su shiga waɗannan ƙauyuka, su tattara labarai da kirarin maƙera da ma'anar sunayen wurare tun da sauran masu faɗa. A hanyarmu ta komawa Bauci saurayin nan ya ce idan ya je hutu Fatakwal zai ba mahaifinsa labarin rijiyoyin kafin na giwa. Muka ce masa ya fara rubutawa tukuna.