2.3 Shigar da Martanin Abokin Jayayya Cikin Littafi: Wasiƙun Alkanemi a Infaƙul Maisuri

Ɗauko amsar wani malami a saka ta cikin littafi ba baƙon abu ba ne ga malaman jihadin Sakkwato. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi haka a littafinsa Sirajul Ikhwani na shekarar 1811, inda ya kawo amsoshin da Shehu Almagili ya bai wa Askiya Muhammadu na Sanghai tun wajen ƙarshen ƙarni na 15. Sai dai Almagili malami ne da Shehu ya yarda da shi, kuma amsoshinsa ƙarfafa hujjar Shehu suka yi. Abin da wannan sashe zai duba ya bambanta da wancan, wato yadda Muhammadu Bello ya ɗauko maganar mutumin da ke ƙalubalantar jihadin, ya ba ta wuri a cikin littafinsa.

Asalin al'amarin shi ne faɗuwar Birnin Gazargamu, babban birnin Barno, a hannun masu jihadi ƙarƙashin Gwani Muktar a shekarar 1808. Mai Ahmadu ya fice daga birnin, daga baya kuma gidan sarautar ya nemi taimakon wani malami, Muhammadul Amin Alkanemi, wanda Hausawa suka fi sani da Shehu Laminu. Alkanemi bai tsaya ga yaƙi kawai ba. Ya fara rubuta wa shugabannin Fulanin da ke maƙwabtaka da shi yana neman su bayyana masa dalilin yaƙar Barno. Da amsarsu ba ta gamsar da shi ba, sai ya aika da takarda ga Shehu da jama'arsa.

Tambayar tasa mai nauyi ce. Mutanen Barno suna salla, suna azumi, suna fitar da zakka, suna gina masallatai, to da wace hujja aka halatta jininsu da bautar da 'ya'yansu? Bai musanta cewa akwai cin hanci da cin dukiyar marayu da fitar mata ba lulluɓi a ƙasar ba, amma ya ce waɗannan saɓo ne, kuma saɓo ba ya fitar da mutum daga Musulunci. Ya ƙara da cewa ana samun irinsu a Misira da Sham, ba a kuwa taɓa kiran waɗannan ƙasashe na kafirci ba. Abin da ya fi tsauri a takardar shi ne cewar da ya yi ya karanta littattafan Shehu ya yarda da abin da ke cikinsu, amma aikin mabiyansa ya saɓa musu.

A shekarar 1812, lokacin Shehu yana zaune a Sifawa, Bello ya kammala Infaƙul Maisuri, ya kuma saka wannan takarda a ciki tare da sauran wasiƙun da suka biyo baya da amsoshin da aka mayar. Amsar Bello ta tsaya ne kan abubuwa biyu. Na farko, yanke-yanken da ake yi wa duwatsu da itatuwa da ruwa sun wuce saɓo, sun shiga shirka. Na biyu, wanda ya fi jaddadawa, shi ne Sarkin Barno ya goyi bayan sarakunan Hausa a yaƙinsu da jama'ar Shehu, wanda kuwa ya jiɓinci masu yaƙar Musulmi hukuncinsa ɗaya da nasu.

A nan ya kamata a tsaya a yi la'akari da abin da Bello ya aikata. Yana da ikon taƙaita maganar Alkanemi cikin layi biyu, ya siffanta ta yadda ya so, sa'annan ya rushe ta. Bai yi haka ba. Ya bar hujjar abokin jayayyarsa da ƙarfinta, har ta kai ga cewa yawancin masu nazari ta hanyar littafin Bello suka san abin da Barno ta faɗa. Wannan ya dace da tarbiyyar makarantun zaure irin waɗanda ake da su a ƙasar Tambuwal da Kebbe, inda malami kan kawo maganar wanda ya saɓa masa dalla-dalla kafin ya ce ga jawabi, domin ana ganin raddin da bai ambaci ainihin abin da ake raddi a kai ba bai cika ba.

Duk da haka, a ganin mai wannan nazari, kuskure ne a ɗauki sashen a matsayin muhawara tsakanin mutum biyu masu dama iri ɗaya. Mai littafi shi ya zaɓi wurin da takardar za ta zauna. Kafin mai karatu ya iso gare ta, ya riga ya wuce bayanin ƙasashen Tukururu, da tarihin Shehu da wa'azinsa, da hijira zuwa Gudu da yaƙin Tabkin Kwatto na 1804, duk daga bakin Bello. Don haka yana haɗuwa da Alkanemi ne bayan zuciyarsa ta riga ta karkata. Haka kuma, duk takardar da ta zo daga Barno amsarta na biye da ita, ita kuwa amsar babu mai tanka mata a cikin shafin.

Wasiƙun ba su kawo sulhu ba, domin a 1827 Alkanemi ya shigo ƙasar Kano da runduna, sai da Sarkin Bauchi Yakubu ya tare shi. Shi kuwa littafin ya ci gaba da yaɗuwa ta hannun masu kwafe littattafai. E. J. Arnett, wanda ya yi Razdan a Sakkwato, ya fitar da shi cikin Ingilishi a 1922, C. E. J. Whitting kuma ya buga matanin Larabcin a Landan a 1951, kuma ta waɗannan bugu ne takardar Alkanemi ta shiga littattafan tarihin Nijeriya da ake karantarwa a jami'o'i.