Antonio Inoki: Ɗan Kokawar Da Ya Kara Da Muhammad Ali

Ran 26 ga watan Yuni 1976 aka yi wata karawa a zauren Budokan na birnin Tokyo wadda kusan duk wanda ya gani ya tashi da ɓacin rai. Muhammad Ali, zakaran damben duniya na wancan zamani, ya shiga fage da wani ɗan kokawar ƙasar Japan mai suna Antonio Inoki. Turmi 15 suka yi, Inoki na kwance rigingine yana harbin ƙafafun Ali, shi kuwa Ali yana kewaye shi yana masa tsawa ya tashi. Naushi 6 kacal Ali ya kai. Alƙalai suka ce an yi kunnen doki, 'yan kallo kuwa suka dinga jefa shara cikin fage. Jaridun duniya sun yi wa wannan rana ba'a ƙwarai, amma ita ce ta buɗe wa Inoki ƙofofin da babu wani ɗan kokawa da ya taɓa shiga kafinsa.

Sunansa na yanka Kanji Inoki, an haife shi a Yokohama a 1943. Mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara 5, talauci kuma ya matsa wa gidansu bayan yaƙin duniya na biyu, har a 1957 suka yi ƙaura zuwa Barazil. Kakansa ya rasu a cikin jirgin ruwa kafin su isa. A can yaron ya yi aikin ƙarfi a gonar gahawa, ya kuma yi suna wajen wasan jifan ƙwallon ƙarfe. A 1960 Rikidozan, watau uban kokawar zamani a Japan, ya kai ziyara Barazil, ya gan shi, ya komo da shi gida ya zama almajirinsa.

Shi wannan Rikidozan sai an san matsayinsa kafin a fahimci Inoki. A shekarun 1950 mutanen Japan suna cikin baƙin cikin kayen da suka sha a yaƙi, sai ga wani mutum a talbijin yana kā da manyan Amurkawa da saran hannu. Dubban mutane kan taru a bakin titi su kalli akwatunan da aka kafa domin jama'a. Abin da yawancinsu ba su sani ba shi ne gwarzon nasu haifaffen Koriya ne, ya ɓoye asalinsa saboda ƙyamar da ake wa Koriyawa. A watan Disamba 1963 wani ɗan ƙungiyar 'yan daba ya soke shi da wuƙa a wani gidan rawa na Tokyo, bayan mako guda ya cika.

Almajirai biyu suka gaje shi, Shohei Baba da Inoki, waɗanda suka fara kokawa rana ɗaya a watan Satumba 1960. Baba ya yi nasara a ranar, Inoki ya sha kaye. A 1972 kowannensu ya kafa nasa kamfani. Sanin kowa ne irin wannan kokawa ta kamfanoni akan tsara wanda zai ci tun kafin a shiga fage, ko da yake faɗuwar da karayar ƙashin na gaske ne. Baba bai damu da wannan ba, ya riƙi sana'ar a matsayin nishaɗi. Inoki kuwa abin ya tsaya masa a rai. Ya dage a kan cewa ɗan kokawa ya fi kowane irin mayaƙi ƙarfi, ya shiga gayyatar zakarun wasu fannoni, ciki har da Willem Ruska na ƙasar Holan, mai lambobin zinariya 2 na judo a wasannin Olamfik na 1972.

Daga nan hanya ta kai ga Ali. Shi Ali, da ya saba da tsokana, ya laƙaba masa sunan tsuntsun nan kwasakwasa saboda tsawon haɓarsa. An fi bayyana cewa mutanen Ali sun zo Tokyo da zaton wasan nuni za a yi, da suka ga da gaske ne sai suka gindaya sharuɗɗa masu tsanani, aka hana Inoki yawancin dabarun kokawa, aka kuma hana shi shuri yana tsaye. Dalilin kwanciyar tasa ke nan, kuma ba wasa ba ce: jini ya daskare a ƙafafun Ali har sai da aka kwantar da shi asibiti. Shi kuma Inoki ya fita da bashi mai nauyi da sunan matsoraci. A ƙarshen shekarar ya tafi Karachi ya kara da Akram Pahalwan, shahararren ɗan kokawar Pakistan, ya raunata masa hannu.

Sai daga baya aka gane abin da ranar ta haifar. Almajiran Inoki ne suka kafa ƙungiyoyin Shooto a 1985 da Pancrase a 1993, inda ake haɗa dambe da kokawa da shuri ba tare da shiri ba, wasan da ya cika duniya daga bisani. Ali kuma ya zama amininsa, har ya ba shi kiɗan fim ɗin tarihin rayuwarsa ya riƙa shiga fage da shi.

A 1989 aka zaɓe shi ɗan majalisar dattawan Japan. Shekara ta zagayo Iraƙi ta mamaye Kuwaiti, gwamnatin Saddam Husaini ta tsare baƙi, ciki da Japanawa, ta yi garkuwa da su. Inoki ya ɗauki iyalan waɗanda aka tsare ya tafi da su Bagadaza a watan Disamba 1990, ya shirya bikin wasanni da kaɗe-kaɗe, cikin 'yan kwanaki aka saki mutanen. Babu shakka sunan mutumin da ya yi turmi 15 da Muhammad Ali ya yi masa aiki a can fiye da kujerarsa ta majalisa. A ƙasar ta Iraƙi ne kuma, a birnin Karbala, ya karɓi Musulunci aka sa masa suna Muhammad Husaini, amma labarin bai bazu ba sai a 2012, ya kuwa ce bai rabu da addinin Buda ba.

Hulɗarsa da Koriya ta Arewa, mahaifar maigidansa, ita ta fi jawo masa suka. Ya je can fiye da sau 30, a 1995 kuma ya kara da Ric Flair a Pyongyang gaban taron da aka ce ya kai mutum 190,000, Ali na cikin manyan baƙi. Masu sukarsa sun ce ya zama kakakin gwamnatin kama-karya, kuma zancen nasu ba ya rasa tushe. Shi kuwa hujjarsa ita ce ba a sasanta rikici da ƙofa a rufe. A wannan shekara ya rasa kujerarsa.

Ya yi kokawarsa ta ƙarshe ran 4 ga watan Afrilu 1998 a babban filin Tokyo Dome, ya kā da Don Frye na Amurka. Ali, wanda ciwon karkarwa ya riga ya ci ƙarfinsa, ya hau fagen ya miƙa masa furanni. Inoki ya koma majalisa daga 2013 zuwa 2019, ya rasu ran 1 ga watan Oktoba 2022 yana da shekara 79, shekara 6 bayan rasuwar Ali.